Darasi na Sha Ɗaya: Sauya wa Kwamfuta Windows Ba Tare da Asarar Takardu Ba

A darasin baya mun ga cewa kowace kwamfuta tana da babbar manhaja guda ɗaya. Ita ce ke fara tashi idan an kunna na'urar, a kanta kuma sauran manhajoji suke zaune, irin su Word da Excel da Chrome. Wanda ya zaga shagunan buga takardu na kewayen kasuwar Arzèkè a Parakou, ko ya leƙa ɗakunan ɗaliban jami'a a Banikanni, ko ofisoshin makarantu da na 'yan sufuri a Djougou, zai tarar kusan kowa da Windows yake aiki. Yau za mu duba abin da kan faru idan lokacin sauya ta ya yi: abin da ke lalacewa, dalilin lalacewarsa, da shirin da ya kamata a yi tun ba a taɓa komai ba.

A bambance abu biyu tun da wuri. Akwai ƙananan gyare-gyaren da Windows ke saukowa da su da kanta duk wata, waɗanda ba sa canja mata kama. Akwai kuma babban sauyi, wato a tashi daga Windows 10 a koma Windows 11. Na biyun ne maganarmu.

Me ya taso da maganar

Kamfanin Microsoft ya fito da Windows 10 a watan Yuli na 2015, ya kuma janye hannunsa daga kula da ita ranar 14 ga Oktoba, 2025. Kwamfutar ba ta mutu a wannan rana ba. Tana kunnuwa, tana buga takarda kamar jiya. Abin da ya tsaya shi ne gyaran tsaro. Duk wata ɓaraka da ɓarayin intanet suka gano bayan nan, haka za ta zauna ba mai toshe ta, sai ga wanda ya shiga ƙarin wa'adin da za mu ambata a gaba. An yi wa Windows XP haka a Afrilun 2014, an yi wa Windows 7 a Janairun 2020. Wanda yake ganin abin wasa ne ya tuna da watan Mayu na 2017, lokacin da wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta kulle takardun jama'a a ƙasashe sama da 150, har asibitocin Ingila suka riƙa mayar da marasa lafiya gida. Maganin ɓarakar da ta bi ta shiga ya fito tun watan Maris na shekarar. Waɗanda ba su sa shi ba su ne suka ji jiki.

Mu nan akwai dalilin da ya fi wannan kusa. Takardu da yawa yanzu ta intanet ake neman su a Benin: takardar haihuwa da ta shaidar ɗan ƙasa daga hukumar ANIP, takardar shaidar rashin laifi ta shafin service-public.bj, sakamakon jarrabawar BEPC da BAC, da rasiɗin haraji na e-MECeF da 'yan kasuwa ke fitarwa. Duk ta burauza ake shiga. Idan babbar manhaja ta tsufa, burauza ma sai ta bar ta a baya. Chrome ta daina sabuntuwa a kan Windows 7 tun farkon 2023, ta tsaya a lamba 109. Mai shagon da abincinsa ke fitowa daga cike wa mutane waɗannan takardu ba zai iya kau da kai ba.

Ba kowace kwamfuta ce za ta hau ba

Windows 11 ta fito a Oktoban 2021 da sharuɗɗan da suka fi na magabatanta tsauri. Tana son RAM aƙalla giga 4, da wurin ajiya giga 64, da wani ɗan sashen tsaro da ake kira TPM 2.0, da furosesa na zamani. A furosesan ne yawancin kwamfutocinmu ke faɗuwa. Na kamfanin Intel sai daga zubi na takwas zuwa sama, wanda ya fara fitowa a 2017. Na AMD kuwa daga Ryzen 2000.

Ga yadda ake ganewa, kuma wannan ilimi ne da zai yi muku amfani a kasuwa. Danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta msinfo32, ka danna Entrée. Nemi layin furosesa. Idan ka ga i5-6300U, lambar farko bayan ɗan layin ita ce zubin: na shida ke nan, bai kai ba. Idan ka ga i5-8250U, na takwas ne, ya wuce. Daga na goma abin ya koma lamba biyu, kamar i5-10210U ko i5-1135G7. Kada "i7" ta ruɗe ka. i7 na zubi na huɗu bai cika sharaɗi ba, i3 na zubi na takwas ya cika. Wani lokaci kuma kwamfutar ta isa, TPM ɗin ne kawai aka kashe a cikin BIOS, inda yake da sunan PTT a na Intel ko fTPM a na AMD. Kunna shi aikin minti biyar ne ga wanda ya sani, kada a saya maka sabuwar na'ura a kansa.

Yawancin kwamfutocin da ke hannunmu na hannu ne, waɗanda kamfanonin Turai da Amurka suka gama da su, aka sauke a tashar jirgin ruwa ta Kwatano, suka hauro arewa. HP EliteBook 840 G3, Dell Latitude E7470, Lenovo ThinkPad T460: na'urori ne masu ƙarko, amma duk 'yan zubi na shida ne. Kamfanin bincike na Canalys ya ƙiyasta a ƙarshen 2023 cewa kwamfutoci kimanin miliyan 240 ne za a iya zubarwa saboda ba za su hau Windows 11 ba. Ba sai an faɗa muku inda wani kaso nasu zai nufa ba. Za ku gan su a shago an goge su tas, an tilasta musu Windows 11 ta bayan fage, mai sayarwa yana nuna maka allo yana cewa ta zamani ce. Kai dai duba lambar furosesa kafin ka ƙirga kuɗi.

Takardunka sun fi kwamfutar tsada

Nan ne ya kamata mu daɗe, domin nan ne ake kuka. Kwamfuta idan ta lalace ana gyarawa ko a sayi wata. Littafin bashin da ɗan kasuwar kaju ya shekara biyar yana rubutawa a Excel, ko kundin kammala karatu na ɗalibar Jami'ar Parakou da ya rage mako biyu ta gabatar, ko hotunan ɗaurin auren da mai hoto bai riga ya miƙa wa masu shi ba, waɗannan babu shagon da ake sayar da su.

Sauya babbar manhaja kamar kwance rufin ɗaki ne a sa sabo. Mai hankali sai ya fitar da kayansa tukuna, kuma ba ya farawa idan hadari ya haɗo.

Kada wani ya ce ai kamfanin ya tabbatar ba abin da zai ɓata. A Oktoban 2018 Microsoft da kansa ya saki wani sabon zubin Windows 10, mai lamba 1809, ya shafe wa wasu mutane takardunsu na cikin Documents, har aka dakatar da rabon sa cikin 'yan kwanaki. Idan masu abin sun yi tuntuɓe, ina ga yaron shago mai sauri, wanda mutum biyar ke jiransa?

Mafi yawan asarar ma ba daga manhajar take zuwa ba, daga rashin fahimtar juna take zuwa tsakanin mai kwamfuta da mai gyara. A ce wata mai shagon buga takardu a Zongo ta kai tata:

"Malam, ga ta nan, a sa mini sabuwar Windows ɗin nan."

"To Hajiya, sai dai a yi mata formataj, za ta fi sauri."

"Yi duk abin da ya dace, kai ka san aikinka."

Da wannan jimla ta ƙarshe ta sa hannu a shafe komai, ba ta sani ba. Formataj na nufin a share faifan ajiya ƙaf a fara daga fari. Shi mai gyara yana ganin ya faɗa, ita kuma tana ganin wani nau'in wanki ne. Abin da ya kamata ta ce shi ne: "Malam, kafin ka taɓa ta, kwafe mini takarduna a nan, in gani da idona." Ba rashin yarda ba ne, kuma mai gyaran kirki ba ya jin haushin wannan.

Me ake kwafewa? Documents, Images, Bureau da Téléchargements, waɗannan kowa ya sani. Abin da ake mantawa su ne suka fi ciwo. Kalmomin sirrin da burauza ta riƙe maka shekara da shekaru har ka manta su. Bayanan manhajar lissafin kuɗi irin su Sage, waɗanda sau da yawa ba a cikin Documents suke ba. Salon haruffan da mai zanen katin biki ya tara ɗaya bayan ɗaya, da na Larabci da malaman makarantun Faransanci da Larabci na Djougou ke buga jarrabawa da su; idan suka tafi, tsohuwar takarda za ta buɗe amma layukanta sun watse. Sai lambobin lasisin manhajojin da aka saya. A kwafe a faifan waje ko filashi mai girma, sa'an nan a kai shi wata kwamfutar a buɗe takarda biyar ko shida a tabbatar suna buɗuwa. Kasuwa cike take da filashin jabu, wanda aka rubuta masa giga 64 alhali cikinsa bai kai takwas ba. Yana nuna sunayen takardu, amma in ka buɗe babu komai. Kuma kwafin da aka ajiye a sashen D na faifan da za a yi wa aiki ba kwafi ba ne, kuskure ɗaya ya isa ya tafi da C da D tare.

Wuta, data da zafi

Sauyin yakan ɗauki awa ɗaya a na'ura mai lafiya, ya kai rabin yini a mai tsohon faifai. A tsakiyarsa kwamfuta kan mutu ta tashi da kanta sau da yawa, ta rubuta cewa kada a kashe ta. Idan wuta ta ɗauke a wannan gaɓa, sau da yawa Windows takan lallaɓa ta koma tsohuwar. Wani lokaci kuwa ba ta iyawa, sai ta shiga kunnuwa tana mutuwa ba iyaka. Kwamfutar tebur ba a fara mata wannan aiki sai da na'urar riƙe wuta, wadda masu gyara ke kira ondular. Ta hannu kuma a tabbatar batirinta na riƙe caji, domin da yawa daga na hannun da muke saya batirinsu ya riga ya mutu, da an zare waya sai ɗif. Da damina, idan gari ya yi baƙi ana walƙiya, a bari sai gobe.

Sai data. Windows 11 ta haura giga 5 kafin a zo ga gyare-gyaren da za su biyo baya. Wanda ya jona kwamfuta da wayarsa ta MTN ko Moov ko Celtiis ya kwanta, yana iya tashi ya tarar datar wata guda ta ƙare, aikin kuma bai kammala ba. Dabara ita ce a sauko da ita sau ɗaya daga shafin Microsoft, a wurin da intanet ke da ƙarfi, a zuba a filashi mai giga 8, a yi wa kwamfuta goma aiki da shi. A lura: haɗa wannan filashi yana shafe duk abin da ke cikinsa.

Zafin Maris da Afrilu ma yana da nasa. Ƙurar hunturu ta riga ta toshe fanka, ga furosesa na aiki da dukkan ƙarfinsa, sai na'ura ta kashe kanta don kada ta ƙone. A busa mata ƙura tukuna, a ɗora ta kan tebur ba kan katifa ba, a yi aikin da sanyin safiya. Kuma a zaɓi lokaci. Mai shagon da ya tashi sauya Windows a makon fitowar sakamakon BAC, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Tarkon harshe

Wannan matsala tamu ce ta musamman, mu da ke tsakanin Faransanci da Ingilishi. Kwamfutar da ta zo daga Faransa ko Beljiyam Windows ɗinta ta Faransanci ce. Wadda ta shigo ta Najeriya ko daga Amurka ta Ingilishi ce, ko da daga baya an sa mata rigar Faransanci a sama. Idan ana sauyi daga filashi, akwai allon da ke ba da zaɓi uku: a riƙe takardu da manhajoji, a riƙe takardu kaɗai, ko kada a riƙe komai. Idan harshen da ke filashin ya saɓa da ainihin harshen da aka girka kwamfutar da shi, zaɓi na farko ba zai dannu ba. Mai gaggawa sai ya danna Suivant ya wuce, ya farka babu Word, babu manhajar lissafi, babu komai. Duk wanda ya iso wannan allo ya cire hannunsa daga linzami ya karanta sau biyu. Idan na farkon ya ƙi, a fasa, a nemo filashi mai harshen da ya dace.

Idan aikin ya tsaya ya nuna lamba, a rubuta ta a takarda kafin a rufe. 0x80070070 na nufin wuri ya kasa. 0xC1900208 na nufin wata manhaja ce ta tare hanya, galibi tsohon maganin bairos. Wadda ta fara da 0xC1900101 kuwa direba ce, wato ƙaramar manhajar da ke haɗa Windows da wata na'ura. A zare firinta da sikana da duk abin da aka jona, a sake gwadawa.

Bayan an hau

An gama, allo ya fito da sabon launi, sai kalmar sirri ta ƙi shiga. Kafin hankali ya tashi a duba kusurwar ƙasa ta dama. Allon rubutun Faransanci da AZERTY yake farawa, na Ingilishi da QWERTY, kuma sauyin kan juya ɗaya ya koma ɗaya: ka danna A ta rubuta Q, ka danna Z ta rubuta W, lambobi su rikice. Tunda kalmar sirri ɗigo-ɗigo take fitowa, ba ka ganin ɓarnar. A sauya FRA da ENG a wannan kusurwa, shi ke nan. Masu rubuta Hausa su sani Windows na da allon rubutu na Hausa mai ƙ da ɗ da ɓ, amma bayan formataj sai an sake ƙara shi, haka ma na Larabci.

Firinta ce ta biyu wajen tayar da hankali. Windows 11 ba ta da zubin bit 32 sam, don haka tsohuwar firinta ko sikanar da direbanta na bit 32 ne kaɗai ta gama aiki a kanta. Mai shago ya shiga shafin kamfanin firintarsa ya tabbatar akwai direban da ya dace tun kafin sauyi, ba bayansa ba.

Nauyin kwana biyun farko ba abin damuwa ba ne, tana shirya kanta ne. Idan ya zarce mako, faifan ne. Giga 4 na RAM da tsohon faifai mai juyawa sun cika sharaɗi a takarda kawai. A ganina, kuɗin da aka sa a faifan SSD da ƙarin RAM zuwa giga 8 ya fi kowane kuɗi amfani a wannan harka.

Akwai abu biyu da ke da alaƙa da asusun Microsoft, wanda Windows 11 ke matsa wa mutum ya buɗe. Na farko OneDrive: tana iya kwashe Bureau da Documents ta riƙa tura su intanet, ta cinye data, ta cika giga 5 ɗin da take bayarwa kyauta, mutum ya ga kamar takardunsa sun ƙaura. Na biyu ya fi haɗari. A sababbin zubin Windows 11, musamman daga 24H2, faifai kan kulle kansa da BitLocker idan an girka daga fari, mabuɗinsa mai lamba 48 kuma yana tafiya cikin asusun da aka shiga da shi. Idan mai gyara ya sa nasa asusun, ko ya ƙirƙiri wani don sauri ya manta kalmar sirrinsa, ranar da kwamfuta ta nemi wannan mabuɗi ba mai iya buɗe ta, har shi kansa kamfanin. Asusun ya zama naka, da lambar wayarka, mabuɗin kuma a rubuce a ajiye a gida.

Idan abin bai karɓe ka ba, kana da kwana 10 ka koma Windows 10 ta Paramètres, Système, Récupération. Tsohuwar tana ajiye a wata jaka mai suna Windows.old. Wanda ya goge ta don neman wuri ya rufe wa kansa hanyar komawa. Wanda aka yi wa formataj kuwa ba shi da wannan dama tun asali.

Idan taka ba ta isa ba

Microsoft ya buɗe ƙarin wa'adin tsaro na shekara guda ga Windows 10 ta gida, zuwa 13 ga Oktoba, 2026, a kan dala 30 ko kyauta bisa wasu sharuɗɗa, ga wanda ke kan zubin 22H2 mai lasisin gaskiya. Jinkiri ne, ba magani ba. Tilasta Windows 11 da manhaja irin Rufus yana yiwuwa, tana kuma tafiya, sai dai kamfanin ya ce bai ɗauki alkawarin ci gaba da turo mata gyara ba. Don karatun yara a gida, babu laifi. Don shagon da ke ajiye hotunan katin shaidar mutane, ban ba da shawara ba. Dokar Code du numérique ta 2018 ta ɗora wa mai riƙe bayanan jama'a alhakin tsare su. Windows ɗin sata da ake buɗewa da 'yan manhajojin ɓoye ta fi wannan muni, domin sau da yawa ɓarawon a cikin mabuɗin yake shigowa.

Saura Linux, wadda kyauta ce kuma ba ta raina tsohuwar na'ura. Linux Mint 22 da Ubuntu 24.04 suna da gyaran tsaro har 2029, suna da Faransanci, ana kuma samun burauza da LibreOffice a kansu. A arewacin Togo, maƙwabtanmu, an cika ɗakunan kwamfuta na makarantu da tsofaffin na'urori masu Emmabuntüs, wata Linux da aka tsara a Faransa don tsofaffin na'urori. Amma CorelDRAW da Photoshop da Sage ba sa hawa kanta kai tsaye, takardar Word mai ado da yawa kuma takan ɗan goce. Ana iya gwada Linux daga filashi ba tare da an girka ba. A gwada firinta a nan kafin a yanke shawara. Kwamfutar da ba ta shiga intanet ko kaɗan, aikinta buga rubutu kawai, tana iya zama a Windows 10, muddin ana tace duk filashin da baƙo ya kawo.

Aikin gida

Amsa waɗannan a littafinka. Kwamfuta mai furosesa i7-4600U da RAM giga 16, za ta hau Windows 11 ta hanyar da kamfani ya amince? Me ya sa? Wani ya ce ya kwafe takardunsa daga C zuwa D kafin formataj. Me za ka gaya masa? Rubuta da kalmominka abin da za ka faɗa wa mai gyara kafin ka bar masa na'urarka.

Sa'an nan kowa ya buɗe msinfo32 a kwamfutarsa, ko ta wurin aikinsa, ko ta cibiyar nan, ya rubuto sunan furosesa da yawan RAM. A zo da takardar ranar darasi na gaba, tare da filashin da babu komai a cikinsa, domin za mu yi kwafin ajiya da hannunmu. Kafin ranar, kada kowa ya danna Installer.